Shagon littattafan gwanjo na wajen Terminus, na je sayen ɗaya na fito da uku

Masu son tsofaffin littattafai a Jos kun san ɗan shagon nan na cikin lungu in ka baro Terminus ka miƙe Ahmadu Bello Way, wanda wani dattijo ke zama bakin ƙofa da rigar sanyi ko rana ta take. Ƙanwata ce ke rubutun kammala jami'a kan sufancin Kirista da Yahudawa ta aike ni, ni kuwa wallahi kafin ranar na ɗauka halwa da zuhudu sai mu Musulmi kaɗai.

Da na faɗi abin da nake nema Baba ko tashi bai yi ba, cewa ya yi "ɗana, kanta ta ƙarshe, duba ƙasa ƙasa". Ai kuwa can suke jibge, yawanci waɗanda 'yan makarantar tauhidi suka gama da su suka sayar ne, har da rubutun biro a gefe. Na fi awa a tsugune. Nan na ga tarihin Zohar, babban littafin Kabbala, wato sufancin Yahudawa, da ya ɓulla a Sifen ƙarshen ƙarni na 13, da yadda bayan an kori Yahudawa daga ƙasar a 1492 ilimin ya yi ƙarfi a garin Safed na yankin Galili, inda malamin Kabbala Ishaku Luriya ya koyar har ya rasu a 1572 yana ɗan shekara 38 kacal. Sifen ɗin nan fa ita ta haifi Ibn Arabi a 1165, ita ta haifi sufiyar Kirista Teresa ta Abila, wadda kakanta ma Bayahude ne da ya koma Kirista, abin ya ɗaure min kai.

Wanda ya fi tsaya min a rai Yohanna na Gicciye ne, wani sufin Kirista na Sifen, 'yan uwansa masu zaman zuhudu ne suka kulle shi a Toledo a 1577, kusan wata 9 a ɗan ɗaki mai duhu, kuma a nan ya tsara waƙoƙinsa na begen Allah. Shi kuwa Eckhart, sufin Kirista na Jamus, sai bayan ya mutu Paparoma ya yanke hukunci kan wasu maganganunsa a 1329. Na ce Baba wannan ai kamar labarin Hallaju, sufin da aka kashe a Bagadaza, ya yi dariya ya ce mai ɗanɗanon sufanci da mai fatawa dama ba su cika shan inuwa ɗaya ba.

Abin da ya ɓata min rai, a kanta ɗaya ya cakuɗa na tarihi da wasu tarkacen 'yan tsibbu masu sunan Kabbala a bango, wai sirrin kuɗi da farin jini, wanda bai sani ba su zai fara ɗauka don sun fi ƙyalli. Ga ƙura, sai da na yi ta atishawa har gida. Kuma ba ya karɓar taransifa, ku tafi da tsabar kuɗi.

Farashi dai ba laifi, in ka iya ciniki yana ragi. Biyu na kai wa ƙanwata, na Yohanna yana wajena, na ce mata ban samu ba.