Na'urar karatu mai faɗin fuska ko tabilet: kafin ka zare kuɗinka

Idan dogon karatu ne a gabanka, irin wanda za ka shafe awa biyu ko uku a kan littafi guda, ni dai ina bayan na'urar karatu mai tawadar lantarki, babba, daga inci 10 zuwa sama. Shekaru na yi ina karatu da tabilet, kullum dare idona na yaji yana ruwa, na ɗauka ƙarfin ganina ne ya fara raguwa. Da na sauya na'ura sai yajin ya tafi.

Sirrin yana cikin fuskar. Ta tabilet, LCD ce ko OLED, haske take fitarwa ta watso maka a ido. Fuskar tawadar lantarki kuwa, wato E Ink, fasahar da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka aka kafa mata kamfani a 1997, cike take da 'yan mitsi-mitsin ƙwanso masu ɗauke da ƙwayoyin fari da baƙi. Lantarki ke turo farin ko baƙin sama, kuma da zarar harafi ya fito sai ya yi zamansa, ba ya ƙara cin wuta sai ka juya shafi. Abin da ya sa caji ɗaya ke kai ka makonni ke nan, tabilet kuwa da ƙyar ta wuce awa goma ba ka nemi caja ba. Fita da ita tsakar rana ka ga rubutu ya ƙara fitowa raɗau kamar na takarda, alhali fuskar tabilet ta koma madubi kana kallon kanka. Da dare kuma 'yan fitilun da ke gefen na'urar karatun shimfiɗa haske suke yi a kan shafin, ka rage shi yadda kake so.

To me ya kawo batun girma? PDF. Littafin labari da ke tsarin EPUB ba ruwansa da faɗin fuska, ka ƙara girman haruffa layuka su sake jeruwa da kansu, ko inci 6 ya wadatar. PDF kuwa shafi ne a daskare. Takardar A4 daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɗan haura inci 14, idan ka cusa ta a inci 6 haruffan sai su koma kamar jerin tururuwa, kana ja kana buɗawa har zaren karatun ya kuɓuce maka. Masu inci 10 sun kusa girman A5. Akwai Kindle Scribe da ta fito a 2022, inci 10.2, mai ɗigo 300 a kowane inci, rubutunta tsaf. Akwai Kobo Elipsa da reMarkable 2, dukansu inci 10.3, sai dai reMarkable 2 ba ta da fitila, duhu na yi an tashi karatu. Mai fama da maƙalun bincike masu ginshiƙi biyu ko tsofaffin littattafan da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, ya duba Boox mai inci 13.3, amma ya sani ta tebur ce, hannu ɗaya ba ya jure ta. Boox na aiki da Android, kana iya sa manhajar karatun da ka saba. Kindle ta fi son littafin da ka saya a Amazon, ko da yake tun 2022 tana karɓar EPUB idan ka tura ta hanyar Amazon ta aika littafi mai suna Send to Kindle.

Tabilet fa? Idan littattafanka cike suke da hotuna masu launi, ko darasinka rabi bidiyo ne, sayi iPad ko wata mai kyau ka huta. In ba haka ba, shafi uku za ka karanta WhatsApp ya ƙwanƙwasa. Masu tawada mai launi ma ban cika sha'awarsu ba, a irin fuskarsu da ake kira Kaleido 3 launin ɗigo 150 ne kacal a kowane inci, kuma shafin ya fi duhu.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, don a nan na ƙone. Na taɓa yin odar wata na'ura ta intanet, an rubuta mata "fuska kamar takarda", hoton kuma ga shafi fari fes. Da ta iso na ɓare kwalin na kunna, sai ga haske na tsiyayowa ta gefuna. Na sa farce a kusurwa, leda mai dishi-dishi ta ɗago. Tabilet ce mai araha aka manna wa leda. Na rubuta wa mai sayarwar, ya ce ai bai taɓa cewa tawadar lantarki ba ce, kuma da na koma na duba tallar, gaskiyarsa. Kama da wane ba ta wane. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, don kuɗin da na daɗe ina tarawa ne.

Gane jabu ba wuya. Kashe fitilar gaba ɗaya: ta gaske rubutu na nan kana karantawa, ta bogi sai ta yi baƙi ƙirin. Juya shafuka da yawa, ta gaske takan yi ƙiftawar baƙi lokaci-lokaci don goge inuwar tsohon shafi, wannan ba lahani ba ne. In ka ga bidiyo na gudu sumul a kanta, LCD ce. Idan daga nesa kake saye, ka ce a ɗauko maka bidiyon waɗannan gwaje-gwajen, wanda ya fara kame-kame ka bar masa kayansa. Ka nemi sunan samfurin da lambarsa, ka je shafin kamfanin ka gwada da abin da aka rubuta maka.

Ta hannu, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, kuma tana da nata tarkon. Ƙarƙashin fuskar yawancinsu akwai siririn gilashi, yakan tsage daga ciki waje na nan lafiya lau. Alamarsa layuka a miƙe, ko wani yanki da ya daskare ba ya sauyawa in ka juya shafi, gyaransa kuma sai an sauya fuskar dungurungum. Buɗe farin shafi ka ƙura ido. Duba bayanta, in ta yi tudu batir ya kumbura. Tabbatar mai ita ya cire asusunsa a gabanka, Kindle ce ko iPad, don iPad da ke kulle da asusun wani ba ta da wani amfani gare ka. Tambayi alƙalamin rubutu a kan fuskar: yana cikin kwalin ko daban ake saya, kuma ana samun bakinsa idan ya cinye? Kada ka yarda da yawan ma'adanar da aka rubuta a kwali sai ka shiga saiti ka gani da idonka.

Ranar da za ka karɓa, tafi da PDF ɗin da ya fi ba ka wahala, da wani littafi mai ƙ da ɗ da ɓ, don wasu nau'ikan haruffa kan mayar da su 'yan akwatuna. Buɗe su a kan na'urar, ka karanta shafi biyar a zaune kafin ka biya.