Gargaɗi Ga Masu Ɗurin Harsashi A Amurka: Ku Kula Da Shafukan Faraima Na Bogi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na jima ina nauyin rubuta wannan magana, don ba kowa ke son faɗa wa duniya cewa an yi masa wayo ba. Amma da na ji wani abokin harbina yana shirin tura kuɗi ga irin mutanen da suka cuce ni, sai na ga shirun nawa zai zama zalunci. Maganar ta shafi masu sake ɗura harsashin ƙaramar bindiga a gida a nan Amurka, waɗanda doka ta ba su dama, suke zuwa filin harbi su tsince kwansonsu su dawo su sake cikawa.

Duk mai wannan aiki ya san abu huɗu ne ke haɗa harsashi: kwanso, albarushi, kan dalma, sai faraima, wato 'yar mitsitsiyar hular ƙarfen nan da ke gindin kwanso, wadda allurar bindiga ke duka ta tayar da wuta. Kwanso ana maimaita shi, dalma wasu suna zuba tasu, amma faraima dole ka saya. Da wannan larurar 'yan damfara suke kama mu.

Abin ya samo asali ne daga 2020. A shekarar hukumar FBI ta gudanar da binciken tantance masu neman mallakar bindiga kusan miliyan 40, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan, ga annobar korona, ga kamfanin Remington ya shiga fatarar kuɗi a watan Yuli, har aka sayar da masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Akansas ga Vista Outdoor. Manyan masu yin faraima a ƙasar ba su da yawa: CCI, Federal, Winchester da Remington, kuma abin da suka yi sai ya fara tafiya cikin harsashin da suke sayarwa a shirye, ragowar ce ke iso mana. Kwalin dubu ɗaya da muke saya dala talatin da 'yan kai ya haura ɗari, shi ma sai ka yi sa'a ka gan shi. Cikin wannan yunwar shafukan bogi suka tsiro kamar ciyawar damina, kuma har yau ba su gushe ba, suna dai sauya suna ne.

Ni nawa ya faru ne da daddare. Ina da gasa a gaba, ƙaramar faraimar fistol, wato bindigar hannu, ta ƙare mini saura faranti ɗaya mai guda ɗari. Na buga bincike, sai ga wani shafi tsaf da shi, ga hotunan kwalaye jere, ga tutar ƙasa a sama, ga lambar waya. Kowane iri an rubuta akwai. Farashi kuma irin na da can. Na cika kwando, da na zo biya sai aka ce na'urar karɓar kati ta sami matsala, za a turo mini saƙo. Cikin minti biyar saƙo ya iso da sunan wani mutum da zan tura wa kuɗi ta manhajar waya. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma kwaɗayi ya rufe mini ido, na tura dala 420. Washegari aka turo lambar bin sawun kaya ta wani kamfanin jigila da ban taɓa jin sunansa ba. Bayan kwana biyu sai ga wani saƙo: kayanka sun maƙale a hanya, sai ka biya kuɗin inshora, za a mayar maka idan an sauke. A nan na gane cinikin biri a sama na yi. Na kira lambar, ba ta shiga. Adireshin da suka sa, da na duba a taswira, filin ajiye motoci ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na tsaya na yi tunani da ilimin da nake da shi, da tun farko na kama su. Faraima abu ne mai fashewa a idon doka, tana cikin kayan haɗari rukunin 1.4S. Gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukarta ko kaɗan. Dillali na gaskiya yana aikowa ne ta kamfanin jigila na UPS ko FedEx, a mota, tare da kuɗin hazmat, wato kuɗin ɗaukar kayan haɗari, da ake ɗorawa a kan kuɗin jigila, wanda kowa ke ƙorafi a kansa amma kowa ke biya. To shafin da ya ce maka jigila kyauta ce, ba kuɗin hazmat, kayan za su iso gobe ta jirgi, har ma yana aikawa ko'ina a duniya, wallahi bai taɓa riƙe kwalin faraima a hannunsa ba. Haka kuma dokar tarayya ta sa faraima cikin ma'anar harsashi, shi ya sa dillalan kirki suke tambayar shekarunka, wasu jihohin ma suna da ƙarin sharuɗɗa. Macucin ba ya tambayar komai sai kuɗi.

Hanyar biya ita ce babbar alama. Idan aka ce sai ta manhajar tura kuɗi kawai, irin su Zelle ko Cash App ko Venmo, ko kuɗin intanet na Bitcoin, ko katin kyauta, ka rufe shafin. Kuɗin da ka tura da hannunka ta waɗannan hanyoyin kamar ka miƙa tsaba ne, da wuya ya dawo. Wasu za su ce PayPal amma ka zaɓi turawa ta 'yan'uwa da abokai. Wannan zaɓin ba shi da kariyar mai saye, kuma ƙa'idar PayPal ma ta hana cinikin harsashi. Katin kiredit shi ne ke ba ka damar ƙalubalantar ciniki, shi ya sa kullum "na'urarsu ta lalace".

Akwai wata jarrabawa da na koya daga baya, kuma tana aiki. Ka yi wa mai sayarwa tambaya a kan kayan. Faraimar fistol iri huɗu ce: ƙarama, babba, da magnum na kowacce, wato mai tayar da wuta da ƙarfi. Ƙaramar faɗinta inci 0.175, babbar 0.210. A wajen CCI lamba 500 ita ce ƙarama, 550 ƙaramar magnum, 300 babba, 350 babbar magnum. A wajen Federal 100 ƙarama, 150 babba. Harsashin 9mm da .38 Special ƙarama suke ɗauka. Shi kuma .45 ACP asalinsa babba ne, amma yanzu akwai kwanson da aka yi da ƙaramin rami, don haka mai kaya na gaskiya, idan ka ce masa .45 kake ɗurawa, zai iya tambayarka wane kwanso ne a hannunka. Na gwada wani shafin da nake zargi, na tambaye shi ko lamba 300 za ta shiga kwanson 9mm. Amsa ta zo nan take: ƙwarai kuwa, tana shiga kowace bindiga, nawa kake so? Ko yaron shagon da ya yi sati ɗaya a bakin aiki ba zai faɗi haka ba.

Kuma kada ku manta da duba shekarun shafin. Binciken WHOIS kyauta ne, zai nuna ranar da aka yi wa sunan rajista. Wanda ke iƙirarin shekara ashirin yana kasuwanci, amma shafinsa wata biyu da haihuwa, ya gama ba ka amsa. Wasu ma sunan sanannen dillali suke ara su ƙara harafi ɗaya ko su sauya ƙarshen adireshin, don haka gara ka rubuta adireshin da hannunka maimakon latsa talla. Su kamfanonin da ake liƙa hotunan kwalayensu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Akwai kashi na biyu na cutar, wanda ya fi tsorata ni, domin shi ba kuɗi kaɗai yake ci ba. Shi ne mutumin da zai kawo maka faraima ta gaske amma a zube, cikin leda ko kwalba, ba kwalinta na asali, ya ce ƙaramar fistol ce. Na taɓa ganin irinta a hannun wani: kwalbar gilashi cike, yana girgiza ta tana ƙara kamar tsakuwa. Jikina ya yi sanyi. Ba don ado ake jera faraima a faranti ɗari-ɗari, kowace a raminta ba. Ana raba su ne don idan ɗaya ta tashi kada ta tayar da sauran. A zube kuwa, ɗaya na iya kunna duka a lokaci guda. Sannan da ido ba za ka iya rantsewa ka bambance ƙaramar fistol da ta magnum ko da ƙaramar ta raifil, wato doguwar bindiga, ba, don girmansu ɗaya. Babbar raifil kuma faɗinta ɗaya da babbar fistol amma ta fi ta tsayi, idan ka sa ta a kwanson fistol za ta iya turo kai waje, wannan kuwa haɗari ne. Littafin awon albarushi da kake bi ya ambaci takamaiman faraimar da aka gwada kowane awo da ita, sauya ta na iya sauya matsin da ke tashi a cikin bindiga. Abin da ba ka san sunansa ba, ba ka san inda ya kwana ba, ko ya sha laima ko mai ya taɓa shi, ina roƙonku kada ya kusanci teburin ɗurinku komai arharsa.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada ya ƙara tura ko sisi, ko da sun yi barazanar cewa za a kai shi ƙara kan kayan da suka maƙale. Ya kira bankinsa a ranar, ya adana hoton duk saƙonnin da shaidar biya, ya kai ƙara ga sashen FBI mai karɓar koke-koken laifukan intanet a ic3.gov, da hukumar kare masu saye ta FTC a ReportFraud.ftc.gov. Idan ka ba macutan hoton lasisin tuƙinka, ka sa a daskarar da bayanan bashinka a kamfanonin da ke adana su, wato Equifax da Experian da TransUnion, don kada a ci bashi da sunanka, kyauta ne. Sannan ka shirya wa wani saƙon da zai biyo baya daga mai cewa zai ƙwato maka kuɗinka idan ka ba shi wani abu. Ni sati uku bayan nawa ya zo, kuma ya san adadin da na tura daidai.