Bargo mai nauyi ga yara masu otizim: yana kwantar da jiki, amma ba maganin barci ba ne

Masu sayar da bargon nan suna tallarsa kamar shi ne ƙarshen wahalar iyayen da yaronsu mai otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ke kwana yana zirga-zirga. Abin bai kai haka ba. A 2014 an buga wani bincike da aka yi a Ingila kan yara masu shekara 5 zuwa 16, aka ɗaura musu na'urar auna motsi a wuyan hannu. Bargon bai ƙara musu tsawon barci ba, bai kuma sa sun yi saurin yinsa ba. Duk da haka yaran da iyayensu sun fi son shi a kan bargon da ba nauyi. Amfaninsa ke nan: yaron da ke son a matse shi, mai cusa kansa ƙarƙashin katifa ko tsakanin kujeru, yakan samu natsuwa.

Nauyin da aka saba bi shi ne kashi 10 cikin 100 na nauyin yaro. Mai kilo 30, bargon kilo 3. A sayi wanda ya yi daidai da jikinsa, ba da gadon ba, don in gefensa ya zubo ƙasa nauyin zai ja shi ya zame cikin dare.

A duba ɗinkin sosai. Cikinsa gida-gida ne, kowanne cike da ƙwayoyin gilashi ko na roba. In gidajen sun yi faɗi, ƙwayoyin sai su taru a kusurwa guda, gefe ya yi dutse gefe ya zama fanko. Na gilashi sun fi: ƙanana ne, ba sa ƙara. Na roba kuwa suna ƙwaram-ƙwaram duk juyin da yaro ya yi, mai kunne da saurin damuwa ba zai jure ba. Ga zafi. Zare ɗaya ya kwance, ƙwayoyi sun watse, yaron da ke kai komai baki yana cikin haɗari.

Jarirai ba a rufa musu shi sam. Mai farfaɗiya, asma ko matsalar numfashi cikin barci, sai da yardar likita. Ba a rufe kai, ba a naɗe yaro a ciki don a hana shi motsi: a 2008 wani yaro ɗan shekara 9 ya rasu a wata makaranta a Kanada ta haka. A guji mai riga mai zif da yaro zai iya buɗewa ya shige.

Gwajin farko da rana ake yi, a kan cinyoyi, minti 15, babba yana kallo. Ya iya ture shi da kansa? In bai iya ba, ko yana shure shi, ko gumi ya karyo masa, a ɗauke. In rashin barcin ya ci gaba, a binciki taurin bayan gida, ƙwannafi da hasken waya kafin kwanciya.