Garin kolajin mai furolin: ba laifi, amma tallar ta yi yawa

Na jima ina shan wani garin kolajin, wato furotin ɗin da ke riƙe fata da gaɓoɓi, da aka rubuta "mai furolin" da manyan baƙaƙe a jikin robarsa. Wajen sha dai babu wahala. A ruwan ɗumi cokali ɗaya kan narke nan take, a ruwan sanyi kuwa sai ya dunƙule ya manne a bayan cokali, sai an yi ta juyawa. Akwai ɗan ƙarni bayan an haɗiye, tunda daga fatar kifi aka yi shi. Bai taɓa ɓata mini ciki ba.

Faratana sun rage karyewa, ko da yake ba zan rantse garin ne ya jawo hakan ba. Gwiwata kuwa tana nan da ƙararta idan na hau bene.

Inda nake da ja shi ne yadda ake kambama furolin kamar wani abu mai wuyar samu. Ɗaya ne daga amino asid 20, wato ƙananan sinadaran da ake gina furotin da su, kuma tun 1901 Emil Fischer ya ciro shi daga furotin ɗin madara. Jiki da kansa yana haɗa shi daga gulutamet, wani amino asid ɗin, sannan nama, kifi, ƙwai da madara duk suna ɗauke da shi. Muhimmancinsa ba ƙarya ba ne: shi da wani amino asid mai suna gilaisin ne ginshiƙan kolajin, wanda ke riƙe fata, ƙashi da guringuntsi, kuma buƙatarsa kan ƙaru idan rauni na warkewa. Sai dai abin da ka sha ba ya zarcewa fuska ko gwiwa. Ciki zai farfasa shi tukuna, jiki ya kai inda ya ga dama.

Abin da robar ba ta ambata ba sam shi ne bitamin C. In babu shi, furolin ba ya rikiɗa ya zama haidiroksifurolin, wato siffarsa da ke ƙarfafa kolajin, kolajin ɗin sai ya yi rauni. Shi ya sa dasashin mai ƙarancin bitamin C ke zubar da jini. Haka kuma kolajin ba shi da tiriftofan, wani amino asid da dole sai daga abinci jiki ke samunsa, don haka ba zai maye gurbin abinci ba.

Ga wanda cin abinci ke yi wa wuya, zai iya taimakawa, bayan ya tuntuɓi likita, musamman mai ciwon ƙoda. Ni kam idan wannan robar ta ƙare ba zan sake saye ba.