Wata uku da Hanna HI772 a tankin murjanina

Daga gindi Acropora ɗina, wani murjani mai rai mai rassa da ƙashi da nake reno a tankin ruwan gishiri, ya fara yin fari. Kullum da safe sai in tarar farin ya ƙara hawa kamar faɗin farce, naman yana saɓulewa, ƙashi tsirara a ƙasa. Na ɗora wa fitila laifi, na rage haske. Na duba zafin ruwa, yana kan digiri 25, gishiri kuma 1.026, duka daidai suke. Ciwon bai tsaya ba.

Abin da na makara ban gane ba shi ne fari iri biyu ne. Idan zafi ko haske ya yi yawa, murjani yakan fitar da ƙananan gansakukan da ke zaune cikin namansa suna ciyar da shi, sai ya koɗe, amma naman yana nan, bakunansa suna buɗewa. Nawa kuwa naman ne ke mutuwa, kuma a irin wannan alkaliniti ake fara tuhuma, wato yawan sinadaran da ke hana ruwa yin tsami, waɗanda murjani ke gina ƙashinsa da su.

Ina da abin awo na ɗigo, wanda ake ƙirgawa har ruwa ya canza launi. Da dare nake awo, idona kuma ba ya rabe inda launin ya juya. Shi ya sa na sayi Hanna HI772, 'yar na'urar awon alkaliniti. Aikinsa ba wuya: ka zuba ruwan tanki mililita 10 a 'yar kwalba, ka sa a na'urar ta ɗauki sifili, ka ƙara sinadarin awonta mililita 1, ka jujjuya a hankali, ka mayar. Lamba ce za ta fito, babu gardama da ido.

Kwana bakwai na yi ina awo a lokaci guda. Ran Lahadi 9.8 dKH (ma'aunin alkaliniti ke nan), ran Juma'a 6.9. Ko wanne a cikinsu murjani zai iya zama da shi, don ruwan teku kansa wajen 7 yake. Hawa da saukar ne ke cinye shi. Ashe sinadarin ƙara alkaliniti na mako guda da nake juyewa a tankin lokaci ɗaya shi ne silar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don reshen nan shekara biyu ina renonsa.

Na raba sinadarin kashi bakwai, kullum kaɗan, har awon ya zauna kusa da 8. Reshen da ciwon ya kama na yanke shi sama da inda farin ya tsaya, na manna a wani dutse.

Na'urar tana son tsabta. Shatin yatsa a jikin kwalba ko kumfa a ciki sukan karkatar da lamba, don haka ina goge ta da ƙyalle mai laushi kafin kowane awo. Alkaliniti kaɗai take aunawa; kalsiyam da fosfet sai da nasu kayan. Ga mai murjani masu ƙashi, na ce ya saya.

A mako na shida na ga nama ya fara malala a gindin yankakken reshen, ya rufe gam ɗin da na manna shi da shi.