Wata biyu ina sauraron faifan da Abbey Lincoln ta yi kururuwa a ciki

Mako biyar na yi ina jiran faifan nan na CD, kuma da ya iso gidansa na roba a fashe yake, don wanda ya sayar mini ta intanet a ambulan kawai ya jefa shi, ko ɗan soso bai sa ba. Kuɗin aikowa ma ya fi kuɗin kayan. Allah ya taimaka shi kansa faifan ko ƙwarzane bai yi ba.

Sunansa We Insist!, na shekarar 1960. Sunan makaɗin ganga Max Roach ne a jiki, amma ni saboda matar da ke waƙa, Abbey Lincoln, na saya. A fim na fara saninta, Nothing But a Man na 1964, inda ta fito a malamar makaranta, 'yar fasto a Kudancin Amurka, wadda ta auri leburan layin dogo ba da son mahaifinta ba. A fim ɗin mace ce mai kawaici, maganarta ƙasa-ƙasa, idonta ne ke yawancin aikin. Don haka na zaci murya mai sanyi zan ji, irin wadda ake sa wa a mota da yamma.

Waƙar farko ta raba ni da wannan zato. Kan mai tsaron bayi a gona take, irin wanda a nan za a kira sarkin gandu. Muryarta ce tsirara, sai bugu guda mai kaifi da ke faɗowa a kai a kai kamar saukar bulala. Ba ta lanƙwasa murya don ta burge kowa. Kowace kalma sai ta tauna ta sannan ta ajiye, ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai gane cewa ƙara ake kaiwa. Daga nan dattijo Coleman Hawkins ya shigo da busar saksofon mai kauri, har da wata 'yar gargada da aka bari ba a gyara ba, kuma gara da aka bar ta.

Ta ukun ita ce dalilin wannan rubutu. Kashi uku ce: addu'a, bore, sai salama. Babu kalma ko ɗaya, daga ita sai gangunan Roach. Ta fara da nishi mai taushi kamar mai rarrashin jariri, sai kwatsam ta ɓarke da kururuwa, ganguna na rugugi a ƙarƙashinta. Ranar da na fara sa ta a falo, Hajiyarmu ta fito daga ɗaki da carbi a hannu tana salati. "Kai, wa ake duka?" Na ce, "Hajiya, waƙa ce, wata baƙar fatar Amurka ce." Ba ta koma ba. Ta zauna a hannun kujera har kururuwar ta lafa, numfashin matar ya dawo a gajiye. Sannan ta ce, "Wannan an taɓa ta a inda ke ciwo." Ta tashi ta tafi. Ni ban sami bayanin da ya fi wannan ba.

Sai da na bi tarihinta na gane daga ina ta taho kafin ta iso wannan ihu. Sunanta na yanka Anna Marie Wooldridge, an haife ta a Chicago a 1930, ta tashi a ƙauye a jihar Michigan, ita ce ta goma cikin 'ya'ya goma sha biyu. Da ta fara waƙa a gidajen rawa, kyanta aka riƙa tallatawa. A wani fim na 1956 an sa mata rigar da fitacciyar 'yar fim Marilyn Monroe ta taɓa sawa, aka yi ta yayata hoton. Daga baya da bakinta ta ce ƙona rigar ta yi. Ta daina miƙar da gashi, ta bar shi yadda Allah ya yi shi, tun kafin hakan ya zama yayi. Shekara huɗu kacal ke tsakanin waccan riga da wannan faifai.

Kuma ta biya farashi. Bayan faifanta na 1961, Straight Ahead, wani mai sharhi a mujallar Down Beat ya zarge ta da mai da baƙar fatarta sana'a. Ta shafe sama da shekara goma ba ta sake fitar da faifai da sunanta ba. A tsakanin nan ne ta auri Roach a 1962, suka rabu a 1970, ta kuma fito tare da Sidney Poitier a fim ɗin 1968 da ya sa aka saka sunanta cikin 'yan takarar kyautar Golden Globe. Da ta ziyarci Afirka, Sekou Toure, shugaban Gini na lokacin, ya raɗa mata suna Aminata, a Zayar kuma aka ƙara mata Moseka. Sai da ta kai shekara sittin kasuwarta ta sake buɗewa, tana rera waƙoƙin da ita ta rubuta da hannunta. Ta rasu a New York a watan Agustan 2010, kwanaki kaɗan bayan ta cika tamanin.

Rabin faifan na biyu ya juyo gida. A nan Babatunde Olatunji, makaɗin nan Bayarabe ɗan Najeriya, ya shigo da gangarsa. Tana kiran sunayen al'ummomin Afirka ɗaya bayan ɗaya, Zulu, Ashanti da sauransu, shi kuma yana amsa mata da Yarbanci. Abin da ya ƙara taɓa ni shi ne lokacin: a ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 1960 aka ɗauki sautin, wato Nijar ba ta daɗe da samun 'yanci ba, Najeriya kuma saura mata 'yan makonni. Waƙar ƙarshe makoki ce ga mutum 69 da 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe a Sharpeville a watan Maris na shekarar.

Inda nake da ƙorafi shi ne wannan ta ƙarshen. Ta buɗe ta da murya mai ratsa jiki, sai ta ja baya ta bar wa masu busa da masu ganga fili, ni kuwa kunnena ita yake nema. Mai son kiɗa zalla zai ji daɗin wurin, ni dai na ƙosa ta dawo. Faifan kuma gajere ne, waƙa biyar, bai kai minti arba'in ba.

Wanda zai saya, kada ya sa shi a wurin hira ko yana tuƙi cikin cunkoso. Na gwada a mota, hayaniyar titi ta cinye kashin addu'ar gaba ɗaya, kururuwar kuma ta zo mini ba shiri. A ɗaki ya fi, bayan isha'i, daga farko zuwa ƙarshe ba tsallake. Yanzu na sa a nemo mini wanda ta yi da mai busa saksofon Stan Getz a 1991, ina so in ji yadda muryar ta koma bayan shekara talatin. Wannan karon na roƙi mai aikowa ya naɗe shi da kyau.