Ƙaramar Tirelar Gona da Babbar Tirela: Amsa ga Mai Shirin Gwajin Manyan Motoci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani ƙanenmu da ke aiki a wata gona a Kharj, a ƙasar Saudiyya, ya kawo tambaya zauren nan. Ya daɗe yana jan ƙaramar tirela da Hilux, yana ɗaukar ciyawa da tankin ruwa, yanzu kuma Allah ya haɗa shi da kamfanin sufuri, za a tura shi neman lasisin manyan motoci. Yana so ya ji ko duban da ya saba yi wa Hilux da tirelarta kafin ya tashi zai ishe shi ranar gwaji.

Ƙanena, Allah ya sa canjin ya zame maka alheri. Hannun da ka yi a ribas zai amfane ka ƙwarai. Amma haɗa tirela da duba birki, waɗannan biyu sai ka ajiye abin da ka sani ka koya daga tushe, domin a nan ne sabo yake cutar da mutum.

Mu fara da takarda, tunda ita ce ƙofar shiga. Lasisin da ke aljihunka na khususi ne, wato na tuƙa motar kashin kai, wanda ake bai wa mai shekara 18, kuma iyakarsa motar da nauyinta gaba ɗaya bai wuce kilo 3,500 ba. Abin da ya haura haka ya shiga naƙal saƙil, wato lasisin manyan motocin kaya, shi kuma sai mai shekara 20. Kafin komai ka buɗe Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ka ga sana'ar da aka rubuta a iƙamarka, wato katinka na izinin zama. Idan har yanzu ma'aikacin gona ne a rubuce, sai kamfani ya gyara ta koma ta direban babbar mota, sannan a yi maganar gwajin ido da lafiya da rajista a makarantar tuƙi irin su Dallah. Gwajin lasisin da motar makaranta ake yinsa, ba kai za ka kawo mota ba. Sai dai kamfanoni da yawa suna da nasu gwajin a cikin yadi kafin su damƙa maka makulli, kuma a can ne za a zuba maka ido a ga yadda kake zagaya mota. Istimara (takardar rajistar mota), inshora da takardar fahas dauri (binciken lafiyar mota na lokaci-lokaci), duk ka tabbatar ba su ƙare ba, na kan motar da abin da ya shafi tirelar. Wannan ɗaya ne da Hilux, ba sai na tsawaita ba.

To, haɗawa. A Hilux, kan tirelar yana sauka ne a kan ƙwallon ƙarfe da ke bayan mota, ka danna marfi, ka sa fil, ka gicciye sarƙoƙi biyu a ƙarƙashi, ka cusa wayar fitila, ka naɗe tayar gaba. Idonka yana ganin komai, in ma ka yi shakka sai ka ɗaga da jak ka ga ko zai fice. Abin da ya fi kawo matsala a can shi ne rashin dacewar girma, domin akwai ƙwallo mai milimita 50 irin na Turai, akwai mai inci 2 irin na Amurka, suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne.

Babbar tirela ba ta da sarƙar da za ta cece ka. Abin da ke riƙe da dukan kayan nan fil ɗaya ne mai kaurin inci 2 a ƙarƙashin gaban tirela, wanda yake shiga bakin farantin da ke bayan kan mota. Saboda haka tsarin yana da jeri, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Ka fara tabbatar da cewa birkin tirelar a kulle yake. Ka matso da ribas a hankali, ka tsaya kafin ka taɓa ta, ka sauko ka duba tsayi. Idan tirelar ta yi sama da yawa, fil ɗin zai iya hawa kan bakin farantin maimakon ya shiga ciki, ko ma ya tsallake shi gaba ɗaya gaban tirela ya daki bayan ɗakin direba. Idan tsayi ya yi daidai, ka shiga ƙarƙashinta har ka ji ƙarar kulle. Sai ka sa giyar ƙasa ka ɗan ja gaba sau biyu, tirelar na kulle, ka ji ta riƙe ka. Ka ja birkin hannu, ka sauko da tocila ka leƙa: kada a ga haske tsakanin faranti da cikin tirela, hannun kullen ya koma mazauninsa, ka maƙala masa ƙugiyar tsaro. Bayan nan ne za ka haɗa bututan iska da wayoyi, ka naɗe ƙafafun tirela har ƙarshe, ka ajiye marikin a wurinsa, sannan ka saki birkin tirela.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka yarda da ƙarar kulle kaɗai. Tirelar da ba ta kama da kyau ba takan bi mota lafiya lau a cikin yadi, sai an zo kwanar farko ta zame ta faɗi da kayanta. Kuma duk lokacin da za ka shiga tsakanin kan mota da tirela, birkin hannun mota ya kasance a ja. Direbobi sun rasa rayukansu a daidai wurin nan, sun haɗa bututun iska, birkin tirela ya saki, mota ta gangaro ta matse su.

Birki shi ne inda bambancin ya fi girma. Tirelar gona sau da yawa ba ta da birkin kanta sam, Hilux ce ke tsayar da su duka. Masu ɗan nauyi suna da wanda yake kamawa idan tirelar ta turo mota daga baya, wasu kuma na lantarki ne. Dubanka a can bai wuce man birki da taka feda ka ji tauri ba. Babbar mota da iska take tsayawa. A motocin Turai da suka cika hanyoyin nan, su Actros da Volvo da MAN, bututu biyu ne ke zuwa tirela: ja shi ke cika tankunanta da iska, rawaya kuma shi ke kai mata saƙo idan ka taka birki. In jan ya tsinke, birkin tirela zai kama da kansa. In rawayan ne ka manta ba ka haɗa ba, a motoci da yawa za ka tashi lafiya, ba za ka san tirelarka ba ta amsa birki ba sai lokacin da kake buƙatarta. Shi ya sa bayan ka tashi, kafin ka bar yadi, za ka taka birki a ƙaramin gudu ka ji yadda bayanka ya amsa.

Da safe ka tayar da inji ka jira allurar iska ta cika, ƙarar gargaɗi ta ɗauke. Ka kashe inji, ka sa wa taya waji, ka saki birkin hannu, ka danne feda na minti ɗaya kana kallon allura kana kasa kunne. Idan tana ta sauka, akwai yoyo. Sai ka yi ta taka feda kana saki har gargaɗin ƙarancin iska ya yi ƙara, don ka san yana aiki. Mu da ke Jidda, da 'yan'uwanmu na Dammam, akwai ƙarin aiki a kanmu: laimar teku tana tara ruwa a tankin iska, dole a riƙa jan zoben da ke ƙasansa ana zubarwa. Kai da ka saba da busasshiyar iskar Kharj ba lalle wannan ya zo maka a rai ba.

Fitilu da taya, duba ɗaya ne, yawa ne ya bambanta. Sigina, fitilar birki, ta ribas, ta lamba da na gefe, ka sa wani ya tsaya a baya yana faɗa maka. A taya ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta: 2322 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Zafin bazarar ƙasar nan yakan haura digiri 45, tsohuwar taya kuma tana fashewa ko da zanenta bai cinye ba. A babbar mota ka leƙa tsakanin tagwayen tayoyi ko dutse ya maƙale, ka duba notuna, tsatsar da ta zubo daga gindin noti alama ce ya saki. Abin kashe gobara da alwatikar gargaɗi su kasance inda hannu zai kai.

Yanzu inda za ka ji daɗi. Ka riga ka san cewa a ribas sitiyari yana bi ne sabanin inda kake son bayan tirela ya nufa, kuma wannan shi ke wahalar da yawancin masu koyo. Gaskiya ma ƙaramar tirela ta fi tsauri a ribas, saboda gajera ce kuma mahaɗinta yana can bayan tayoyin mota, da ka ɗan karkata ta naɗe. Babbar, mai ɗaukar kwantena ta ƙafa 40 wadda ta kai kusan mita 12, tana amsawa a sanyaye. Haɗarinka shi ne gaggawa: za ka ga ba ta juya ba ka ƙara sitiyari, sai ta zo gaba ɗaya. Ka ba ta kaɗan, ka jira, ka fara warwarewa da wuri. Babu madubin tsakiya, na gefe ne idanunka, don haka ka daidaita su da kujera kafin ka motsa, ko da mai gwaji yana jiranka. Idan da zaɓi, ka yi ribas ta ɓangaren direba, inda kake ganin bayan tirela da idonka.

A kwana kuma tayoyin tirela ba sa bin sawun na gaba, suna yanke ciki sosai. A Hilux ɗan buɗewa kaɗan ya isa. A nan sai ka shige cikin mahaɗar hanya da kyau kafin ka fara juya sitiyari, idonka na kan madubin ɓangaren da kake juyawa har tayar ƙarshe ta wuce gefen titi.

Shawarata, ka roƙi kamfanin tun yanzu su haɗa ka da tsohon direba a yadi, ka yi ta haɗawa da kwancewa a gabansa kana faɗin kowane mataki da baki. Kwancewa ma da jerinta: wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, birkin tirela, sauke ƙafafu, cire bututai da wayoyi, sannan jan hannun kulle. Idan ƙasar yashi ce ko kwalta mai laushi da rana, ka sa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun kafin ka janye kan motar. Allah ya ba ka sa'a, ya tsare hanya.